Iskar da hanci ba ya ji: Me kyautar Nobel ta ilimin sinadarai za ta tsinana mana?

A ranar Laraba, 8 ga watan Oktoban 2025, Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ta sanar da sunayen mutum uku da suka lashe kyautar Nobel a fannin ilimin sinadarai. Su ne Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto da ke Japan, da Richard Robson na Jami'ar Melbon da ke Ostireliya, da kuma Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. An ba su kurona miliyan 11 na kuɗin Suwidin su raba. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a labarin shi ne tarihin Yaghi, wanda aka haifa a birnin Amman na Jodan a 1965, a gidan 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ya tashi cikin talauci da ƙarancin ruwa, kafin ya tafi Amurka yana ɗan shekara 15.

Sai dai bayan an gama jinjina wa tarihin mutum, akwai tambayar da ta rage: mene ne ainihin abin da suka ƙirƙiro, kuma ina ya haɗu da rayuwar ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati a nan gida? Amsar tana da rassa da yawa, amma akwai guda ɗaya da ta shafi rai kai tsaye. Sinadaran da waɗannan malamai suka samar suna daga cikin abubuwan da masana ke sa rai za su warware wata tsohuwar matsala, wato yadda za a ƙera ƙaramar na'ura mai araha wadda za ta iya shinshino iska mai guba tun tana 'yar kaɗan, ta kuma bambance ta da sauran iskokin da ke kewaye da ita.

Makasan da ba a gani

Kusan babu shekarar da za ta wuce jaridun ƙasar nan ba su ɗauko labarin iyalin da aka wayi gari an tarar da su a mace cikin ɗaki ba, janareta na gefe ko a baranda. Abin da ke kashe su shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga duk abin da ya ƙone bai gama ƙonewa ba, ko fetur ne, ko gawayi, ko kananzir, ko itace. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Idan ta shiga huhu takan manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke mannewa har ninki sama da 200, sai jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da kasala, irin waɗanda mutum zai ɗauka zazzaɓi ne ko gajiyar kasuwa. Wanda yake barci kuwa, ba ma ya samun wannan gargaɗin. Lokacin hunturu, sa'ad da ake shigar da kaskon wuta ɗaki a toshe ƙofa da taga, haɗarin yakan ƙaru.

Akwai kuma iskar haidirojin salfaid, wadda ke taruwa a cikin masai da kwatami da tsofaffin rijiyoyi. Idan kaɗan ce, warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne. Idan ta yi yawa sai ta kashe jijiyar shinshina, warin ya ɓace a daidai lokacin da haɗarin ya kai maƙura. Wannan iska da ƙarancin oksijin a cikin rami su ne sukan haddasa labarin nan da muka saba ji: mutum ya shiga rijiya bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya tsaya can.

'Yan kasuwar hatsi su ma suna da tasu. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhunan wake da masara a sito, da zarar ta haɗu da danshin iska sai ta fara fitar da iskar fosfin. Ita ce ke kashe ƙwarin, kuma tana iya kashe mai gadin da ya kwana a siton, ko yaran da ke ɗakin da ke jikinsa.

Manyan haɗurra ma ba baƙi ba ne a wurinmu. A watan Yulin 2015 iskar kulorin ta tsere daga matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum takwas suka rasu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. A watan Janairun 2020 fashewar gas a wani shago a Sabon Tasha da ke Kaduna ta hallaka mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Ga shi kuma ƙasar na ƙara rungumar gas: gidaje na komawa girki da shi, tun bayan cire tallafin fetur a 2023 gwamnati na kiran masu motoci su koma amfani da gas ɗin CNG, sannan ga aikin bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Duk inda gas ya yawaita, buƙatar gane yoyonsa da wuri ita ma takan yawaita.

Daga kanari zuwa na'ura

Neman abin da zai riga ɗan Adam jin guba a iska ba yau aka fara shi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin Birtaniya, John Scott Haldane, ya ba da shawarar a riƙa shiga ramin haƙar kwal da ƙananan halittu masu saurin numfashi. Haka masu haƙa suka riƙa sauka da kanari a keji. Idan tsuntsun ya daina kuka ya faɗi, kowa sai ya nemi hanyar fita. Sai a 1986 aka daina wannan al'ada a Birtaniya, aka maye gurbin tsuntsun da na'ura.

Na'urar da ta fi yaɗuwa a gidaje ta samo asali ne daga Japan, inda Naoyoshi Taguchi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960. A cikinta akwai ɗan ƙaramin sinadarin kuza wanda ake zafafawa zuwa ɗaruruwan digiri. Idan gas ya taɓa shi, sai yadda lantarki ke ratsa shi ya canza, ƙararrawa ta kaɗa. Tana da araha, tana da saurin ji, amma tana da babban aibi guda: ba ta iya tantancewa sosai. Tururin turare, da maganin sauro na fesawa, da hayaƙin girki, da danshin damina, duk suna iya motsa ta kamar yadda gas na gaske zai motsa ta.

Wannan aibi ba ƙarami ba ne. Mai gadin da ke ihun ɓarawo duk lokacin da kyanwa ta gifta, ba a daɗewa za a daina fitowa idan ya yi kururuwa. Haka ƙararrawar da ke kaɗawa ba dalili: mai gida zai cire mata batir ya huta, ranar da abin ya zo da gaske kuma ba mai tashinsa. Akwai na'urorin da ba sa kuskure, waɗanda ke iya rarrabe kowane sinadari da ke cikin iska, amma manya ne, masu tsadar gaske, kuma sai ƙwararre a ɗakin gwaji. Tsakanin mai araha da ba ta tantancewa da mai tantancewa da ba ta saye, an bar giɓi babba. Wannan giɓi ne ake fata sababbin sinadaran za su cike.

Kafin a ci gaba, yana da kyau a fahimci irin ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Masana na auna waɗannan iskoki da kashi ɗaya cikin miliyan, wani lokaci kashi ɗaya cikin biliyan. Kamar a ce a zuba naira biliyan ɗaya a gabanka, a ce ka zaƙulo naira ɗaya tak ta jabu daga ciki, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da ka zargi ta ƙwarai ba.

Ginin da ɗakuna suka fi bango yawa

Abin da mutanen uku suka samar ana kiransa MOF a taƙaice. Mai karatu ya kwatanta shi da ginin bene da aka kafa ginshiƙai aka ɗaure rodi, amma ba a sa bulo ba. Mahaɗan ginin ƙwayoyin ƙarfe ne, irin su jan ƙarfe ko zinki, sandunan da ke haɗa su kuma dogayen sinadarai ne masu kabon. Idan aka haɗa su a ruwan sinadari, da kansu suke jeruwa su zama gari mai kama da gishiri, wanda cikinsa duk ƙofofi ne da ɗakuna masu girma ɗaya, jere reras. Faɗin kowace ƙofa bai cika wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari.

Robson ne ya fara gina irinsa a 1989, amma nasa bai da ƙwari, yana saurin rushewa. Kitagawa ya nuna a 1997 cewa iska na iya shiga ta fita daga irin wannan gini ba tare da ya lalace ba. A 1999 Yaghi ya fito da wanda ake kira MOF-5, mai ƙwari da yalwar ɗakuna, wanda idan aka baje bangayen cikin 'yan giram kaɗan nasa za su rufe filin ƙwallon ƙafa. Daga nan masana a faɗin duniya suka ƙera dubun-dubatar ire-irensa.

Abubuwa masu ƙofofi dama can akwai su. Gawayi na tsotse wari saboda ramukan da ke jikinsa, akwai kuma dutsen ziyolait da matatun mai ke amfani da shi shekara da shekaru. Fifikon MOF shi ne ana iya yanka shi kamar yadda tela ke yanka riga daidai jikin mai ita. Masani zai zaɓi tsawon sandar, ya ƙayyade faɗin ƙofar, ya kuma ɗaura wa bangon ciki wani sinadari da ke kama irin iskar da ake nema ita kaɗai.

Yadda rariya ke zama hanci

Ta hanyoyi kaɗan ake mayar da wannan gari na'urar shinshina. Ta farko ita ce a shafa shi a kan tsohuwar na'ura ya zama rariya. Matan gida sun san cewa rariyar tankaɗen garin tuwo daban take da ta tsakin masara. Haka nan, ƙofofin MOF na barin ƙananan ƙwayoyin iska su wuce zuwa ga na'urar, su tare manya. Wani iri da ake kira ZIF-8 ya yi suna a wannan aiki, domin ƙofarsa ƙarama ce kuma ba ya shan ruwa.

Ta biyu ita ce ya zama soso mai tarawa. Tunda bangayen cikinsa na da faɗi ƙwarai, yakan tattara 'yar iskar da ta watsu a ɗaki ya cunkushe ta wuri guda, har ta kai yawan da za a iya aunawa. Idan ta shiga, wani abu yakan canza a jikinsa: ko nauyinsa ya ƙaru, ko launinsa ya sauya, ko haskensa ya dushe, ko yadda yake riƙe lantarki ya bambanta. Wannan canjin ne na'urar ke karantawa.

An riga an ga misalai. A 2015 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Mircea Dincă, sun nuna wani MOF mai jan ƙarfe da lantarki ke ratsawa, wanda ya gano iskar amoniya da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, kuma ba a zafafa shi ba. Rashin buƙatar zafi na nufin ƙaramin batir zai iya riƙe na'urar tsawon lokaci, abin da ke da muhimmanci ga ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa. A Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da ke kusa da Jidda a Saudiyya, ayarin Mohamed Eddaoudi da Khaled Salama sun ƙera wadda ke gano haidirojin salfaid, iskar nan ta masai da rijiya, tun tana kashi 100 cikin biliyan. A Jami'ar Leuven ta Beljiyam kuwa, ayarin Rob Ameloot sun yi aiki kan gano sinadaran da ke dangantaka da makamai masu guba da magungunan ƙwari, daga baya kuma suka koma auna saurin da kowace iska ke ratsa ƙofofin da shi, domin sinadarai biyu na iya kama da juna a komai amma su bambanta wajen gudu.

Tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa

A nan ne ya kamata a ja birki. Kyautar Nobel ba shaidar cewa kaya sun iso kanti ba ce. Wuraren da MOF ya fara shiga kasuwa na ajiya ne da tacewa: akwai tukwanen da ake adana iskoki masu guba a cikinsu a masana'antun kayan laturoni, akwai kuma wani iri mai suna CALF-20 da aka gwada wajen kama hayaƙin kabon a masana'antar siminti a Kanada. Na'urorin shinshina kuwa, galibinsu har yanzu suna hannun masu bincike.

Dalilan a bayyane suke. Na farko ruwa. Danshin da ke cikin iska ya ninka gubar da ake nema sau dubbai, kuma yakan riga ta cika ɗakunan. Wasu nau'o'in, har da shahararren MOF-5, danshi na rusa su gaba ɗaya. Na biyu daɗewa. Na'urar da ta yi aiki mako biyu a ɗaki mai sanyi ba ta tabbatar da cewa za ta yi shekara biyar a jikin bango ba. Na uku, wasu iskokin idan suka manne ba sa sakin wurin, sai na'urar ta toshe bayan amfani kaɗan. Na huɗu ƙerawa da yawa: shafa gari siriri a kan na'ura ɗaya abu ne, shafa shi daidai wa daida a kan miliyan ɗaya wani abu ne daban.

Idan aka kawo zancen gida kuwa, sai matsalar ta ƙaru. Sito a Dawanau cikin watan Afrilu zafinsa na haura digiri 40. A Disamba ƙurar hunturu na shiga ko'ina, iska ta bushe ƙamas. A Agusta kuma danshi ya dawo ya cika ɗaki. Na'urar da aka gwada a Turai ko Japan ba ta taɓa gamuwa da waɗannan uku a shekara guda ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da zai amfane mu a nan za a yi shi.

Abin da ya rage gare mu

Kuskure ne a zauna jiran na'urar gobe alhali ta yau tana iya ceton rai. Ƙararrawar kabon monoksaid mai aiki da batir tana nan a kasuwannin duniya, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin janaretan da ake saye ba. A Ingila doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sanya ta a ɗakunan da ke da abin ƙona makamashi. Babu abin da zai hana hukumominmu su fara da otal-otal, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da asibitoci, da shagunan sayar da gas, da manyan ɗakunan ajiyar hatsi, sannan su sa masu shigo da janareta su haɗa kowane ɗaya da ƙararrawarsa.

Sai dai doka ba tare da sa ido kan inganci ba buɗe wa 'yan jabu ƙofa ce. Ƙararrawar da ba ta aiki ta fi rashinta haɗari, domin mai ita zai kwanta hankali kwance. Wannan nauyi na kan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, wadda ya kamata ta riƙa gwada na'urorin da ke shigowa da iskar gaske, ba duba kwali kawai ba. Ma'aikatan da ke rubuta takardun sayen kaya a ma'aikatu su ma suna da rawar takawa. Duk ɗan kwangilar da ya kawo na'ura, a tambaye shi: wace iska take ganowa, wace iska ke ruɗa ta, a wane zafi da danshi aka gwada ta, shekara nawa take yi kafin ta mutu, kuma wa zai riƙa daidaita ta? Nan gaba kaɗan za a ga kaya ɗauke da sunan Nobel a jikin kwali. Waɗannan tambayoyi ne za su hana a yi wa rogo kallon kitse.

Jami'o'inmu ba za su fara daga sifili ba. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina zuwa ziyolait, wanda ɗan'uwan MOF ne a wajen ƙofofi. Yawancin nau'o'in MOF ɗin ma ba sa buƙatar manyan injuna kafin a haɗa su a ɗakin gwaji, abin da ke da tsada shi ne kayan auna su. Idan asusun TETFund da hukumar NASENI suka zaɓi matsala ɗaya ta gida, kamar fosfin a sito ko iskar masai, suka ɗora kuɗi a kanta na shekaru, za mu shiga wannan fage da abin da wasu ba su da shi, wato yanayin da za a gwada ƙarkon na'ura da gaske.

Shi kuma mai gida da mai shago, akwai abin da ya kamata ya sani tun yau. Ƙararrawar hayaƙi daban, ta gas ɗin girki daban, ta kabon monoksaid daban. Ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kusa da daɓe ake sa tasa. Warin da ake ji a jikinsa ma ƙara masa shi ake yi da gangan don hanci ya kama. Kabon monoksaid ba ta da wannan gatan, shi ya sa ake sa tata kusa da inda ake kwana. Janareta kuma wajensa fili, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita shida, ko da ana tsoron ɓarawo, ko da ana ruwan sama. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Kada a kwana a siton da aka sa wa ƙwaya. Kada a bi wanda ya faɗi a rijiya ba igiya ba mataimaka.

Shekara 36 aka yi tsakanin ginin farko na Robson da ranar da aka kira shi daga Suwidin. Babu mamaki na'urar da za ta fito daga wannan aiki ta ɗauki wasu shekarun kafin ta iso Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse. Idan ta iso ta tarar da doka a ƙasa, da hukumar da ta iya gwaji, da jama'ar da suka san amfanin ƙararrawa, za ta ceci rayuka masu yawa. Idan kuwa ta tarar da mu yadda muke yau, za ta ƙare a cikin kwali a ofishin wani, janareta kuma na ci gaba da ruri a baranda. Ba a fafe gora ranar tafiya.